Sun Ɗauki Sunan Malam, Sun Bar Halinsa

Duk shekara in 17 ga Afrilu ta zagayo, ranar da Allah ya yi wa Malam Aminu Kano rasuwa a 1983, sai manyan riguna su hallara a yi ta zuba jawabai. Kowa almajirin Malam ne, har waɗanda iyayen gidansu na siyasa suka sa 'yan doka suka yi wa 'yan NEPU bulala. An sa wa filin jirgin sama sunansa, an sa wa asibitin koyarwa. Madalla. Amma nawa ne kuɗin allon suna?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, mu tuna ko wane ne wannan bawan Allah. Malamin makaranta ne da ya yi karatu a Landan, ya koyar a Bauci da Maru. Da ya so, da ya yi shiru ya hau matakalar En'e har ƙoli. Sai ya ajiye aikin a 1950, ya rungumi talakawa, a zamanin da faɗa wa hakimi gaskiya kan kai mutum gidan yari. Ya sha kaye a zaɓen 1954, bai sauya sheƙa ba. Daga 1967 ya riƙe kwamishinan sadarwa na tarayya a gwamnatin Gowon, daga baya na lafiya, ma'aikatu biyu da ke da romon kwangila. Ya fito kamar yadda ya shiga, ya koma gidansa na Gwammaja. Gidan yana nan, Mambayya, a hannun Jami'ar Bayero. Wanda ke shakka ya je ya ga ɗakin da ya kwana, sa'an nan ya kwatanta da gidan kansilan unguwarsu.

Wasu kan ce ai Malam bai taɓa mulki ba, shi ya sa hannunsa ya tsira. Wannan zancen wanda bai san tarihi ba ne, ko kuwa wanda ke neman uzurin kansa. Jam'iyyarsa ta PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta suka soke haraji da jangali, abin da talaka ya yi shekara da shekaru yana kuka a kai.

Ku kuma sababbin ma'aikata da ke liƙa hotonsa a bangon ofis, tsoho ya zo daga ƙauye neman haƙƙinsa na fansho, fayil ɗinsa na kan teburinku. Nawa kuka ce ya kawo na goro?