Raddi Ga Masu Cewa Soyayyar Littafi Kayan Aro Ce

Maganar da ke yawo a majalisu daga Maradi har nan Cadakori ita ce wai tsofaffin littattafan Ingila ba su san komai ba sai sha'awa, wai kuma daga can marubutan soyayya na Kano suka kwaso lalacewa. Haba jama'a! Mai wannan magana ya taɓa buɗe ko guda ɗaya daga cikinsu?

Wace soyayya ce guda ɗaya? A Pride and Prejudice na Jane Austen, wanda ya fito a 1813, Elizabeth ta ƙi Collins duk da gādon gidansu na hannunsa, ta kuma ƙi attajiri Darcy karon farko saboda girman kansa. Sai da ta ga halinsa ya gyaru ta amince. Wannan ai binciken hali ne, irin wanda iyayenmu ke yi kafin a karɓi kayan gaisuwa. A 1847 Charlotte Brontë ta kawo Jane Eyre, yarinyar da ta gano ranar ɗaurin aure cewa angonta Rochester na da mata a ɓoye, ta bar gidan, ta zaɓi yunwa a kan zaman dadiro. Ina sha'awar a nan? A shekarar dai ƙanwarta Emily ta fitar da Wuthering Heights, inda son ya zama wuta. Catherine ta auri Linton don matsayi, masoyinta Heathcliff ya dawo da dukiya da gaba, ya ɗaiɗaita gidaje biyu har kan 'ya'ya. Ko wannan littafin, nuna ɓarnar ya yi. 'Yan gida ɗaya, shekara ɗaya, ba su yi ittifaƙi a kan so ba, amma ku kun haɗa ƙasa guda a ƙwarya ɗaya!

Batun kwaikwayo kuwa, Abubakar na littafin Jiki Magayi, wanda mai kuɗi ya raba da Zainab, ba ya buƙatar Heathcliff ya koya masa ramuwa. Za ku ce da hannun Bature Rupert East a rubuta littafin. To, auren kuɗi shi ya kawo mana? Abin da Balaraba Ramat Yakubu ta zana a Alhaki Kuykuyo Ne a tsakar gidajenmu ta gani. In ma aro ake nema, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe da nuna tasirin finafinan Indiya.

Sai ƙorafin cewa littafi ke ɓata 'yan mata. An ƙone wasu a Kano a 2007. Amma auren dole da sakin wulaƙanci suna nan.