Tunda an buɗe murfin inji, a duba sauran

 Yau maganar yoyon man inji za mu yi.

Duk wanda ya bi ta Biriketeri da hantsi, bayan motocin da suka kwana a bakin titi sun tashi, zai ga ɗigon baƙin mai a inda suka tsaya. Sau da yawa daga murfin saman inji yake zubowa, wanda kanikawan Kano ke ce wa tof koba. Tsakanin murfin da kan inji akwai roba, wato gasket, ko juwan a bakin kanikawan Yawunde. Zafi ne ke busar da ita har ta tsage. Hawan tudun Yawunde da cunkoson hanyar kasuwar Mokolo kuwa ba sa barin inji ya huta.

Canza robar aiki ne mai sauƙi. Amma Alhaji, tunda ka biya kuɗin buɗewa, kada ka bari a rufe sai an duba abubuwa biyar.

Na farko, bawul ɗin numfashin inji, wanda ake kira PCV. Ɗan ƙaramin abu ne a jikin murfin, shi ke fitar da tururin da ke taruwa a ciki. In ya toshe, iska ta rasa hanya, sai ta matsa wa roba. Ka ga ke nan ko sabuwa aka sa, yoyo zai dawo. A cire shi a girgiza: in bai yi ƙara ba, a sauya. A duba tiyonsa ma.

Na biyu, robobin ramin fulogi, wato buji. Suna tsufa tare da babbar robar. In mai ya cika ramin, yakan lalata waya ko kwayil, mota ta fara kakkarwa tana shan fetur. Sayi saiti cikakke, har da ƙananan robobin kusoshi.

Na uku, fulogin kansa. Na gama-gari yakan kai kilomita 20,000 zuwa 30,000, na iridiyom kuma wajen 100,000.

Na huɗu, leƙa cikin injin da idonka. Launin zuma ko ruwan ƙasa, lafiya lau. Baƙin dasƙararren abu kamar kwalta alama ce ana jinkirin juyen mai ko ana zuba maras kyau. In ka ga fari-fari mai yawa kamar kindirmo, a binciki ko ruwa na shiga mai.

Na biyar, tayimin. Tsofaffin Corolla da Carina E masu injin 4A-FE, irin da tasi masu ruwan ɗorawa suka daɗe suna yawo da su, bel suke amfani da shi, kuma mai yana cin bel. Corolla mai injin 1ZZ-FE sarƙa gare ta. Hilux da Hiace masu dizal 3L ko 5L ana canza musu bel a kilomita 100,000, don in ya tsinke ana gudu, fistin na dukan bawul. Tsinkewarsa tsakanin Bertoua da Garoua-Boulaï, da kayan mutane a baya, ba ƙaramar asara ba ce: ga kuɗin janwe, ga kwanan hanya, ga masu kaya suna ta kiran waya.

Wajen rufewa kuma a sa ido. Gam ɗin silikon ɗigo kaɗan ake sawa a kusurwoyi kawai. In aka lafta shi, gutsattsarinsa na iya toshe matatar famfon mai. Kusoshin murfin ba sa son ƙarfi. Ɗaurin tsiya na lanƙwasa murfin ko ya yanke kusa. Daga nan a juye mai, a sa sabuwar filta, a wanke jikin injin domin a gane in yoyo ya dawo.

Hajiya, in kina jin ƙaurin ƙonannen mai duk lokacin da aka kai yara makaranta, faɗa wa maigida. Mai ne ke ɗiga a kan bututun salansa mai zafi, kuma yana iya kama wuta.

Wajen sayen robar, a tuna araha ba ta ado. A nemi mai kyau, a tafi da lambar injin.

Allah Ya tsare hanya, Ya ba da kasuwa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.