Ciwon saifa: Darasin Saiberiya ga makiyayan Boɗinga da Shagari

A watan Yulin 2016, zafin da ya kai maki 35 ya mamaye yankin Yamal da ke arewacin Rasha, inda ƙasa ke daskare shekara da shekaru. Ƙanƙarar ƙarƙashin ƙasa ta narke, ciwon saifa ya ɓarke, ya kashe barewar da mutanen yankin ke kiwo fiye da 2,300, ya kuma yi ajalin wani yaro ɗan shekara 12. Rabon yankin da cutar tun 1941, wannan ya sa hukumomi suka daina yi wa dabbobi rigakafi a 2007.

Babu ƙanƙara a Boɗinga ko Shagari, amma ƙwayar cutar iri ɗaya ce. Idan dabbar da ta kamu ta mutu jininta ya zuba, ƙwayar kan lulluɓe kanta da ɓawo mai tauri, ta kwanta cikin ƙasa shekaru gommai. Ta fi daɗewa a ƙasa mai farar ƙasa, irin wadda ake haƙowa a Kalambaina domin yin siminti. Abin da narkewar ƙanƙara ya yi a Saiberiya, ambaliya da fari na iya yin sa a Sakkwato. Ruwa mai ƙarfi kan tone tsoffin ramukan mushe, ya kwaso ƙwayoyin ya tara su a fadamu da tafkuna. Da rani ya tsananta, dabbobi kan taru a waɗannan wurare, suna tsinkar ciyawa har saiwarta, suna haɗiye ƙasa. Masana yanayi kuwa sun nuna cewa ɗumamar duniya na ƙara yawan ruwan sama mai zuwa da ƙarfi lokaci guda a yankin Sahel.

Cutar ba ta yi nisa ba. A watan Yunin 2023 ta ɓulla a arewacin Gana, gwamnatin tarayya ta gargaɗi jama'a kan cin ganda. A watan Yuli, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ta tabbatar da ita a wata gona a Gajiri, ƙaramar hukumar Suleja. A watan Janairun 2025, Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya ta sanar da ɓullarta a Zamfara, maƙwabciyar Sakkwato. Shanu da awaki na ratsa iyakokin jihohin biyu, wasu kuma na shigowa daga Nijar ta Illela.

Babban haɗarin yana hannun mai wuƙa. Saniya jari ce, don haka idan ta kwanta ciwo, maigida kan gaggauta yanka ta kafin ta zama mushe, mahauta su saya da araha. Ta haka cutar ke kama mai fiɗa, da majemin da ke sarrafa fatar jar akuyar Sakkwato, da iyalin da suka ci naman. Alamominta sanannu ne: mutuwar farat ɗaya, kumburin gawa, da baƙin jinin da ba ya daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura. Irin wannan gawa ba a fiɗe ta, ƙone ta ake yi ko a binne ta a rami mai zurfin mita 2.

Ana haɗa allurar rigakafin a Vom, sau ɗaya ake yin ta a shekara. Jihar na da tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Abin da ya rage ga gwamnati shi ne kai allurar rugage kafin damina, da ajiye ma'aikatan duba dabbobi a kasuwanni da mayankar ƙauyuka, da shigar da ardo-ardo da sarakunan fawa cikin aikin sa ido. Wajibi ne kuma a tanadi diyya, domin makiyayin da ya san zai tashi a tutar babu idan ya kai rahoto, yanka dabbarsa zai yi ya sayar.