Wasiƙa zuwa ga masu matsakaitan ofisoshin lauyoyi a Kano

Daga Lajawa nake rubuto muku, a ƙaramar hukumar Wudil, inda abin da ke kai mutum gaban alƙali galibi bai wuce rabon gado, iyakar gona, ko bashin da ya biyo bayan cinikin shanu a karar Wudil ba. Maganata da ku ce, masu ofisoshin da suka wuce na lauya ɗaya da tebur ɗaya, amma ba su kai manyan kamfanonin Legas da Abuja ba. Kuma maganar a kan sababbin lauyoyin da kuke ɗauka ce.

A Ingila, wanda zai zama lauyan ofis sai ya yi shekara biyu yana aiki ƙarƙashin kulawar ƙwararru kafin a ba shi izini. Mu nan, yaro ya gama jami'a, ya wuce Makarantar Lauyoyi, a Bagauda ko Bwari ko wani reshen, ya yi 'yan makonni yana zama a kotu da wani ofis, a rantsar da shi, shi ke nan ya zama lauya mai ikon tsayawa a kotu da rubuta yarjejeniya baki ɗaya. Ke nan ainihin koyon aikin a hannunku yake, ko kun yarda ko ba ku yarda ba. Babban kamfani zai fi ku albashi, amma can yaro kan shekara yana duba wani yanki na takardu, bai taɓa ganin fuskar wanda ya kawo shari'ar ba. Abin da kuke da shi wanda su ba su da shi shi ne fayil cikakke: tun daga ranar da mutum ya shigo da kukansa har ranar yanke hukunci.

To amma da yawanku ba ku bayarwa. Sai a tura yaro kotu da safe da fayil ɗin da bai karanta ba, aikinsa kawai ya miƙe ya ce oga yana wata kotun, a ɗage. Ya yi haka shekara guda, abin da ya ƙware a kai neman rana ne. Ku ba shi shari'ar gona ɗaya irin ta yankinmu, ku ga abin da zai koya. Zai je ya tsaya a bakin iyakar, ya ji dagaci da dattawan da suka san wanda ya fara sare dajin. Zai gane cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bambanta filin birni da na karkara, kuma 'yar takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu ba ita ce shaidar mallaka ta gwamna ba. Idan a kotun shari'ar Musulunci ake, zai koyi wanda nauyin kawo shaida ke kansa da wanda rantsuwa ta hau, ya buɗe littattafan Tuhfa da Risala da hannunsa, ya kuma lura ko alƙali ya yi i'izari, wato tambayar masu shari'ar ko suna da sauran hujja, kafin hukunci, domin rashinsa kaɗai kan rushe shari'a idan aka ɗaukaka ƙara. Wannan ba a samunsa a bencin baya.

Za ku ce kuskuren yaro a kan wanda ya kawo shari'ar yake faɗawa, kuma gonar talaka ba wurin gwaji ba ce. Gaskiya ne. Sai dai maganin wannan shi ne ku zauna da shi rabin awa kafin ya fita, ku gyara rubutunsa da jan biro ku gaya masa dalili, ku zauna kusa da shi ranar da zai fara yi wa shaida tambayoyi. Wanda aka hana fayil yau, gobe zai buɗe nasa ofishin ya yi kuskuren nan babu mai duba masa.

Za ku kuma ce da sun ƙware sai su tafi, wani lokacin har da mutanenku. Wasu za su tafi, kamar yadda kuka bar naku iyayen gidan. Amma me ke saurin korarsu? Jihar Kano ta sa mafi ƙarancin albashin ma'aikatanta Naira 71,000 a 2024, ga shi akwai ofisoshin da lauya ke aiki a kan abin da ake kira kuɗin mota. Wanda ba a biya shi ba zai tsaya a harabar kotu yana farautar beli da takardun rantsuwa, hankalinsa ya bar aikinku. Idan ofis ba zai iya biyan huɗu ba, ya ɗauki biyu, ya rubuta musu albashinsu da kason da za su samu idan suka kawo aiki, ya kuma biya a ƙarshen kowane wata.

Wassalam.