Hoton Da Ke Zuwa A Makare

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 danginmu suka warwatsu. Wad Madani ta faɗi a Disamban wannan shekarar, sojoji suka karɓo ta a Janairun 2025, amma gidaje da yawa a ƙauyukan Jazira, da Mai Wurno, har zuwa Damazin, suna da 'yan'uwa a Gadarif ko Jidda ko Kano. Wanda bai halarci suna ko ɗaurin aure ko saukar Alƙur'ani ba, hoto kaɗai ne rabonsa. Shi ya sa wani koke da muke yawan ji ya dame mu: an danna kyamara daidai lokacin da yaro ke karɓar allonsa daga hannun malam, amma da hoton ya fito sai ga ƙeyarsa, ya riga ya juya. Sauka kuwa ba a maimaita ta don mai hoto.

Sai a ce kyamarar ce ta tsufa, a shiga lissafin sayen sabuwa cikin wannan tsadar. A dakata tukuna. Galibin jinkirin nan na neman saiti ne, domin kafin ta ɗauka sai ta auna nisan abin da ke gabanta da yawan haske. Maɓallin ɗauka kuwa hawa biyu gare shi. A danna shi rabi, a riƙe har ta yi ɗan ƙara ko koriyar alama ta bayyana, sannan a tsaya ana dakon lokaci. Da ya zo sai a ƙarasa dannawa, nan take za ta ɗauka, tunda ta gama aikinta tun da farko.

Akwai kuma wata matsala tamu ta musamman. Ƙananan kyamarori da bambancin duhu da haske suke gane saiti, mu kuwa taronmu farar jallabiya ce da farin rawani. In aka auna ƙirjin dattijo, idon kyamara sai ya yi ta gaba da baya, ya rasa madafa. A auna fuska, ko aikin hula, ko baƙin rubutun allo.

Filasha ma tana cin lokaci, musamman in an kunna mata gyaran jan ido, don sai ta yi walƙiya kafin ta ainihin. Bayan kowane hoto kuma tana bukatar daƙiƙoƙi ta sake tara wuta, in batir ya yi sanyi abin ya ƙara tsawo. Mu dai shawararmu a roƙi jama'a a yi hoto kafin magariba, a inuwar dogonyaro, a kashe filashar baki ɗaya.

Jira tsakanin hoto da hoto kuwa sau da yawa laifin katin ajiya ne. Mai lamba 10 cikin da'ira yana rubuta akalla megabait 10 a daƙiƙa, mai 3 cikin harafin U kuwa 30. A yi hattara da jabu a kasuwa. A kuma kashe nuna hoto bayan ɗauka, a zaɓi ɗauka a jere.

Masu wayar hannu, a yawancinsu in aka ɗora yatsa a kan fuskar mutum aka riƙe, saiti zai tsaya a nan. Sai dai kada a bar waya a rana, domin zafin watan Mayu na wuce digiri 40, ita kuwa in ta ɗauki zafi rage gudu take yi.