Wasan Harbi: A San Mutum Kafin A Ba Shi Bindiga

Daga cikin wasannin da Turawa suka ƙago a ƙarnin da ya wuce akwai wani wanda jin sunansa kaɗai kan sa mutum ya ɗaga kai, watau gasar harbi da bindigar hannu, wadda aka fi sani da fistol ko libarba. Ya sha bamban da harbin da ake gani a wasannin Olamfik, inda maharbi kan tsaya cik wuri guda yana auna ɗigo ɗaya cikin natsuwa. A wannan wasa maharbi zaro bindiga yake yi daga kuben da ke ƙugunsa, ya ruga a guje, ya leƙa ta taga, ya durƙusa, ya sake gidan harsashi, yana harbin allunan kwali da farantan ƙarfe, agogo kuwa yana ta ƙidaya masa lokaci. Tun da yake wasan ya bazu zuwa ƙasashe kimanin 100, har da waɗansu na Afirka, ya kamata a dubi abin da ke cikinsa na koyi, a kuma dubi inda haɗarinsa yake.

Asalin wasan daga Jihar Kalifoniya ta Amurka ne. A shekarun 1950 wani tsohon hafsan sojan ƙundumbala na ruwa, Kanar Jeff Cooper, ya riƙa tara maharba a bakin tafkin Big Bear suna gasar wanda zai riga zaro bindiga ya sami abin bara. A nan ne wani ɗan sanda mai suna Jack Weaver ya nuna cewa wanda ya riƙe bindiga da hannu biyu ya ɗaga ta daidai idonsa ya fi mai harbi daga ƙugu da hannu ɗaya samun nasara, har wannan tsayuwa ta ci sunansa. An yi gasar duniya ta farko a birnin Zurich na Suwizalan a 1975, sa'an nan a watan Mayu na 1976 aka taru a garin Columbia na Jihar Missouri aka kafa ƙungiyar duniya ta wannan wasa, IPSC, aka zaɓi Cooper shugabanta na farko. Afirka ma ba a bar ta baya ba, domin an yi gasar duniya ta 1977 a birnin da yanzu ake kira Harare, ta 1979 da ta 1981 da ta 2002 kuma a Afirka ta Kudu.

Taken ƙungiyar kalmomi uku ne na Latin, ma'anarsu kuwa ita ce daidaito da ƙarfi da sauri, kuma a kan waɗannan uku aka gina lissafin maki. Allon da ake harbi an raba shi kashi uku. Wanda ya sami tsakiya yana da maki 5, kashi na biyu maki 4 ko 3, na gefe kuwa maki 2 ko 1, gwargwadon ƙarfin harsashin da ya yi aiki da shi. Ana auna wannan ƙarfi da na'ura a filin gasa, a ninka nauyin harsashi da gudunsa, kuma wanda harsashinsa bai kai mafi ƙanƙantar adadin da aka yanke ba, makinsa ba ya shiga lissafi. Wanda ya kuskure allo a cire masa maki 10, haka kuma wanda ya harbi allon da aka hana harbi. Daga nan sai a raba makin mutum da yawan daƙiƙoƙin da ya ɗauka.

Alal misali, a ce zango ne mai harsashi 12. Maharbi na farko ya sa duka a tsakiya cikin daƙiƙa 12, makinsa 60, in an raba ya tashi da 5. Na biyu ya sami maki 54 cikin daƙiƙa 9, ya tashi da 6. Na uku ya yi gaggawa ya gama cikin daƙiƙa 8, ya sa goma a tsakiya amma ya kuskure biyu, sai a cire 20 daga 50, a raba 30 da 8, ya tashi da ƙasa da 4. Ke nan mai nawa bai ci ba, mai garaje ma bai ci ba, wanda ya san iyakar saurin da hannunsa zai iya ɗauka shi ya ci. Gajeren zango ba ya wuce harsashi 12, matsakaici 24, dogo kuwa 32, kuma ana sake tsarin zango daga gasa zuwa gasa, don kada kowa ya haddace shi. Gasanni hawa biyar ne, daga ta kulob ɗin unguwa wadda ita ce ta ɗaya, har zuwa ta duniya wadda ita ce ta biyar.

Abin da ya fi cancantar yabo a wannan wasa shi ne tsananin dokokinsa na kiyaye rai. Ba wanda ke yawo a fili da bindiga ɗure da harsashi. Ba wanda ke taɓa bindigarsa sai a wurin da aka keɓe domin haka, inda kuma aka haramta taɓa harsashi, ko kuwa sa'ad da alƙalin fili ya ba shi umurni. Alƙalin yana tsaye daf da bayan maharbi tun daga lokacin da ya ce masa ya ɗura har zuwa lokacin da ya leƙa da idonsa ya tabbata bindiga ta koma wayam, sa'an nan ya ba da izini a shiga duba alluna. Kowa sai ya sa tabarau mai kare ido da abin toshe kunne.

Hukuncin wanda ya karya waɗannan dokoki ɗaya ne, watau kora daga gasar baki ɗaya. In bakin bindiga ya juyo baya wajen jama'a, an kore shi. In ya auna wani sashe na jikinsa, an kore shi. In yatsansa na kan kunama alhali yana sake gidan harsashi, ko yana gudu ba tare da yana auna allo ba, an kore shi. In bindiga ta suɓuce masa ta faɗi ƙasa yana cikin zango, ko da babu harsashi a ciki, an kore shi. In ta tashi ba da nufinsa ba harsashi ya bugi ƙasa cikin mita 3 daga inda yake tsaye, an kore shi, haka nan wanda aka ga alamar maye a tare da shi. Ba a duba cewa zakaran duniya ne, ko kuwa ya biya kuɗin jirgi daga wata uwa duniya. A wannan fili ba a karɓar hanzarin cewa bindiga ce ta tashi da kanta.

To, amma fa duk wannan tsari iyakarsa shingen fili. Alƙali yana ganin yatsan maharbi, ba ya ganin zuciyarsa, kuma da zarar an tashi daga gasa bindiga ta bi mai ita gida. A ƙasashe da dama shiga kulob ɗin harbi ita ce kusan hanya ɗaya tak da farar hula zai bi ya mallaki bindigar hannu bisa doka. Saboda haka takardar shaidar da sakataren kulob ke sa wa hannu ta fi kowace doka ta cikin fili nauyi, kuma tarihi ya nuna abin da kan biyo baya in aka yi sakaci da ita.

Ran 13 ga Maris 1996 wani mutum ya shiga makarantar firamare a garin Dunblane na Sikotilan ya kashe yara 16 da malamarsu. Bindigogin hannu huɗu da ya je da su duka da lasin ya mallake su, a matsayinsa na ɗan kulob ɗin harbi. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa tun 1991 wani jami'in 'yan sanda ya rubuta cewa bai dace a bar wannan mutum da bindiga ba, amma ba a bi shawararsa ba. A 1997 majalisar Birtaniya ta haramta wa farar hula mallakar bindigar hannu a Ingila da Sikotilan da Wales, aka miƙa wa hukuma fiye da 160,000. Dubban mutanen da ba su taɓa yi wa kowa laifi ba suka rasa wasansu, har 'yan wasan Olamfik na ƙasar sai da suka riƙa fita waje domin yin atisaye. Gaskiyar Hausawa ce da suka ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, domin ranar da aka zubar da jini jama'a ba sa tsayawa bambanta wannan irin harbi da wancan.

A Jamus, ran 26 ga Afrilu 2002, wani saurayi ɗan shekara 19 da aka kora daga makaranta a birnin Erfurt ya koma ya kashe mutum 16 da bindigar da ya samu ta hanyar kulob. A watan Maris na 2009 kuma, a garin Winnenden, yaro ɗan shekara 17 ya ɗauki bindigar mahaifinsa, wanda ɗan kulob ne amma bai kulle ta ba, ya kashe mutum 15. Jamus ba ta hana wasan ba, sai ta ƙuntata ƙofar shiga. Mai neman bindiga domin wasa sai ya shekara guda a kulob yana zuwa atisaye a kai a kai. An ɗaga shekarun mallakar babbar bindigar wasanni zuwa 21, wanda bai kai 25 ba kuwa sai ya kawo shaidar lafiyar hankali. Wajibi ne kulob ya sanar da hukuma in wani ya fita daga cikinsa, kuma jami'ai na da ikon zuwa gida su ga inda ake ajiye bindiga.

Ostareliya ma ta bi wannan hanya bayan wani ɗalibi, wanda ɗan kulob ne mai lasin, ya kashe ɗalibai biyu a Jami'ar Monash a watan Oktoba na 2002. Aka sa wa sabon shiga wa'adin gwaji na wata shida wanda a cikinsa ba zai mallaki bindigar hannu ba, aka taƙaita gidan harsashi ga guda 10, aka kuma wajabta wa mai lasin halartar gasanni kowace shekara. Hikimar wannan sharaɗi na ƙarshe a fili take. Wanda ke zuwa gasa kullum yana ƙarƙashin idon abokansa, in halinsa ya sake za a lura. Wanda ya biya kuɗin kulob ya karɓi takarda ya ɓace, ba wasa ya kawo shi ba, bindiga ya zo nema.

Ra'ayin wannan jarida shi ne, ƙungiyoyin wannan wasa su ɗauki tantance mutane da muhimmancin da suka ba dokokin fili. Kulob ɗin da ke korar zakara saboda yatsansa ya taɓa kunama bai kamata ya ji nauyin hana takarda ga wanda ake shakkar halinsa ba. Lalle ne a riƙa ajiye littafin halarta na gaskiya, a daina sa wa aboki hannu don kunya, a kuma kai rahoton duk wanda aka ji yana barazana ko aka ga hankalinsa ya gushe. Ita ma hukuma da nata nauyin, domin abin da ya faru a Dunblane ya nuna rahoto ba shi da amfani in aka jefa shi cikin fayil aka manta. Masu cewa a hana wasan ɗungurungum suna da hujja, tun da rai ya fi kofi, amma hanin da bai tafi tare da gyaran aikin masu ba da lasin ba ya bar ɓarakar inda take.

Wannan magana ta shafi Nijeriya ta fuska biyu. Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin makaman da aka haramta, waɗanda ba mai mallakarsu sai da izinin Shugaban Ƙasa. Duk da haka, tun da matsalar 'yan fashin daji ta tsananta ake ta jin kiran a sassauta, har a watan Yuni na 2022 Gwamnatin Jihar Zamfara ta shawarci jama'arta su nemi lasin na riƙe bindiga. Masu kawo misalin kulob-kulob na ƙasashen waje don ƙarfafa wannan kira su tuna cewa ƙasashen da ke da cikakken rajista na kowace bindiga ma sun sha wuya. In har akwai masu sha'awar wasan don kansa, hanya a buɗe take ba tare da harsashi mai kisa ba, gama ƙungiyar IPSC ta amince da reshen da ake yi da bindigar iska mai harba ƙwallayen roba, bisa dokoki iri ɗaya, har an yi gasar duniya ta farko a Hong Kong a 2018. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Fuska ta biyu kuwa ita ce ladabin riƙe bindiga, wanda ba ya bukatar a sake wata doka kafin a yi koyi da shi. Cooper ya bar ƙa'idoji huɗu da ake koyarwa ko'ina: a ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki, kada a auna bakinta ga abin da ba a yi nufin harbi ba, kada yatsa ya hau kunama sai an daidaita bara, a kuma tabbatar da abin da za a harba da abin da ke bayansa. Sau nawa aka ji labarin rai ya salwanta a shingen bincike, ko wurin biki, ko a dajin farauta, aka ce harbin kuskure ne? Ya kamata shugabannin jami'an tsaro, da na 'yan sintiri da mafarauta, da masu kula da 'yan bindigar hawan salla, su sa waɗannan ƙa'idoji cikin horon mutanensu, su kuma karɓe bindiga daga hannun duk wanda ya karya su tun kafin ya yi ɓarna.