Mai sayar da soja shi ke rubuta dokar yaƙi

A wannan makon zan ajiye siyasa, in kai mai karatu wani fagen fama da bai wuce faɗin teburi ba: ƙafa 6 a tsawo, ƙafa 4 a faɗi. A kansa ne manya masu gemu a Ingila, Jamus, Amurka da sauran ƙasashe suke jera 'yan mutum-mutumi na roba, kowanne bai kai tsawon babban yatsa ba, su ja daga, su shafe sa'o'i suna gwabzawa da ma'aunin inci da ƙwayoyi masu fuska shida irin na wasan ludo. Sunan wasan Warhammer. Kamfanin Games Workshop, mai hedikwata a birnin Nottingham, ya fitar da shi a shekarar 1983. Na san akwai masu karatun da batun siffofi da jefa ƙwaya ba zai kwanta musu ba, kuma ba tallar wasan na zo yi ba. Dokokinsa ne suka ja hankalina, musamman waɗanda suka shafi jera dakarun ƙasa, da yadda suka sauya a hannun kamfanin da shi ne kuma ke sayar da dakarun.

Duniyar wasan ƙagaggiya ce, cike da dodanni da matsafa da ɓeraye masu tafiya da ƙafa biyu. Amma ƙashin bayan kowace runduna shi ne dakare mai mashi da garkuwa, kuma ba ya tafiya shi kaɗai. Ana jera su kafaɗa da kafaɗa, sahu bayan sahu, a kan ɗan faranti guda, duka suna fuskantar gaba. Bataliya ba ta afka wa abin da ba ta gani a gabanta, kuma juyawa na cin wani ɓangare na 'yar tafiyar da aka ƙayyade mata, wadda ga ɗan Adam inci 4 ce kacal. Saboda haka kowace bataliya tana da goshi, da kwiɓi biyu, da ƙeya, kuma yawancin dabarar wasan ita ce ka nuna wa abokin gaba goshinka, kai kuma ka nemi kwiɓinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake yanke hukuncin arangama. Bari mu ɗauki dokar bugu na bakwai, na 2006. Ba yawan gawa kaɗai ake ƙirgawa ba. Kowane cikakken sahu da ke bayan na farko yana ba da maki ɗaya, har zuwa uku. Tuta maki ɗaya ce, fin abokin gaba yawa ma maki ɗaya. Ke nan dakaru 20, biyar a faɗi huɗu a zurfi, suna riƙe da maki 5 kafin a zare takobi. A ce barade biyar masu sulke, da tasu tutar, sun yi sukuwa sun dake su ta goshi, sun kashe huɗu ba tare da sun rasa kowa ba. Makinsu 5 ne: kunnen doki. Sahun baya, waɗanda ko sara ɗaya ba su kai ba, su ne suka tsayar da dawakin.

Yanzu a bar baraden nan biyar su zagayo ta kwiɓi. Doka ta ce makin sahu ya rushe gaba ɗaya, mahara kuma sun sami ƙarin maki ɗaya. Gawa huɗun dai ce, amma lissafi ya koma 6 da 2. Wanda ya sha kaye sai ya yi gwajin ƙarfin zuciya: ya jefa ƙwaya biyu, jimillarsu kada ta wuce adadin jarumtarsa bayan an cire tazarar kayen. Jarumtar gama-garin dakare 7 ce. Ƙwaya biyu na iya faɗuwa ta fuska 36, kuma 21 daga ciki ba su wuce 7 ba. Idan aka cire 4, saura 3, fuskokin da za su cece shi uku ne tak, wato sau ɗaya cikin goma sha biyu. Bataliyar ta juya da gudu, idan kuma dawaki suka cim mata, an share ta daga teburi baki ɗaya, har da mutum 16 da ko ƙwarzane ba su ji ba.

Wannan ba son ran marubuta wasa ba ne. Wani hafsan Faransa, Ardant du Picq, wanda ya rasu a yaƙin 1870, ya yi nazarin yaƙe-yaƙen dā ya nuna cewa mafi yawan kisa yana faruwa ne bayan ɓangare ɗaya ya karaya ya ba da baya, kuma tsoro ne ke karya runduna tun kafin makami ya gama da ita. Mu ma tarihinmu ya san wannan. A Tabkin Kwatto, cikin 1804, jama'ar Shehu Usmanu galibi 'yan ƙasa ne masu baka, dawakinsu 'yan kaɗan, suka tsaya wa barade da 'yan lifidin Sarkin Gobir Yunfa har daga ta karye. Dokar wasan ta kama wannan gaskiya da 'yan lambobi, kuma ta haifar da tambayar da duk mai jera dakaru yake fuskanta: faɗi ko zurfi? In ka shimfiɗa su, hannaye da yawa za su kai sara, ka kuma tsare fili, amma ka yi sirara. In ka tara su, ka yi nauyi, amma kwiɓinka ya yi tsawo, an kuma sami hanyar zagaye ka. Rundunar Daular mutane a wasan ma tana da nata maganin: ƙananan rukunoni da ke rakiyar babbar bataliya a gefe, da zarar an dake ta ta goshi sai su faɗa wa maharin ta kwiɓi.

To, ga inda nake da magana. A bugu na shida, na shekarar 2000, mutum huɗu sun isa cikakken sahu, don haka dakaru 16 sun wadatar a sami dukkan makin. A 2006 aka mayar da shi biyar, adadin ya koma 20. Sai bugu na takwas ya zo a 2010 da sababbin dokoki biyu. Ta farko ta ce bataliyar da faɗinta ya kai mutum goma za ta sami ƙarin sahu guda da ke kai sara. Goma sau huɗu, dakaru 40 ke nan. Ta biyu ta fi nauyi: duk bataliyar da ta fi abokiyar karawarta yawan sahu, ko an kayar da ita, za ta yi gwajin zuciya ba tare da an cire mata komai ba, kuma dukan kwiɓi bai ɗauke mata wannan kariya ba. A misalinmu na sama, damar tsayawa ta tashi daga 3 cikin 36 ta koma 21.

Sakamakon a bayyane yake. Mai rundunar ɓeraye na iya jibge bayi 50, kowanne maki 2 kacal a kasafin runduna, su riƙe zaratan abokin gaba har wasa ya ƙare, ana yanka su suna nan daram. Wanda ya ɓata zagaye uku yana lallaɓawa don ya samu kwiɓi sai ya tarar ladan wahalarsa ya ragu ƙwarai. Taro ya rinjayi dabara. Kuma kowane ɗaya daga cikin 40 ko 50 ɗin nan sai an saye shi da kuɗi, an haɗa shi da gam, an yi masa fenti da hannu. Ba na da'awar sanin abin da ke zuciyar marubutan, kuma masu kare bugun suna da hujja mai ƙarfi: kafin 2010 dawaki da dodanni sun yi wa dakarun ƙasa kaca-kaca har mutane suka rage fito da su, ga shi kuma teburi mai cike da manyan bataliyoyi ya fi kama da yaƙi. Na yarda da ciwon. Maganin ne nake ganin ya zarce, kuma ya zarce ta ɓangaren da ya dace da aljihun mai shago. Da an bar dukan kwiɓi yana rushe wannan kariya, da dakarun ƙasa sun sami mutuncinsu ba tare da an kashe dabara ba.

Ribar ma ba ta ɗore ba. Yaron da ke sha'awar shiga wasan, da ya ji cewa bataliya ɗaya tana bukatar akwati uku ko huɗu da makonni na fenti, sai ya kama gabansa. A 2015 kamfanin ya rufe wasan, ya ma hallaka duniyarsa a cikin labari, ya maye gurbinsa da Age of Sigmar, inda sojoji ke tsaye a warwatse kan gindi mai da'ira, babu goshi babu kwiɓi. Masoya sahu ba su haƙura ba. Wasu suka koma Kings of War na kamfanin Mantic, wasu suka haɗu suka rubuta nasu dokokin kyauta da sunan The 9th Age.

A Janairun 2024 Games Workshop ya dawo da sahu cikin Warhammer: The Old World, da gyara guda da nake ganin ya fi duk na baya hikima. Kaye bai zama zaɓi tsakanin tsayawa daram da watsewa ba. Bataliyar da aka rinjaya tana iya ja da baya kaɗan tana fafatawa, ko ta janye cikin tsari ta sake ja daga, ko kuma, idan abin ya yi muni, ta tarwatse. Haka daga take lanƙwasawa kafin ta karye. Sai dai tun watannin farko 'yan wasa suka soma kukan cewa shugabanni masu hawa dodanni sun sake danne dakarun ƙasa, kuma jayayyar faɗi da zurfi ta dawo sabuwa. An kuma ƙara girman gindin da dakaren ɗan Adam ke tsayawa a kai daga milimita 20 zuwa 25, don haka wanda ya adana tsohuwar rundunarsa tun 2015 ya tarar sai ya sake mata gindi, ko ya sayi sabon faranti mai tazara, kafin ya jera ta.